NAZARI: Gidan haya, jarin da ribarsa ke tsakanin alƙalamin gwamna da aljihun ɗan haya

A kowace majalisar matasa daga Kano zuwa Kaduna, daga Jos zuwa unguwannin da ke zagaye da Abuja, idan aka ce wani ya samu 'yan kuɗi, shawarar da za a fara ba shi ita ce ya nemi fuloti. In Allah ya ƙara buɗi, ya ɗora bulo, ya zuba 'yan haya, ya kwanta yana jiran ƙarshen shekara. Iyayenmu sun gaya mana ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya ɗaukarta, kuma ko bayan ran mutum 'ya'yansa za su ci gajiyarta. Tun da darajar naira ta zube a shekarar 2023, wannan shawara ta ƙara samun kasuwa, domin duk wanda ya ajiye kuɗi a banki ya ga yadda suka narke masa yana kallo.

Akwai gaskiya a cikin shawarar, amma ba ta cika ba. Mai shirin zama mai gidan haya a Najeriyar yau yana shiga harkar da abubuwa biyu mafi muhimmanci a cikinta ba a hannunsa suke ba. Na farko shi ne ikon da doka ta bai wa gwamna a kan filin da za a yi ginin. Na biyu shi ne albashi ko cinikin mutumin da zai shiga gidan ya biya. Wanda bai auna waɗannan biyu ba kafin ya sauke tifar yashi ta farko, ya gina gida a kan lissafin da wasu ne za su riƙa sauya masa shi.

Lissafin da ba a cika yi ba

A fara da tambaya mafi sauƙi: nawa gidan zai riƙa kawowa a shekara idan aka kwatanta da abin da aka kashe masa? Bari mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake tafiya, kowa kuma ya sauya alƙaluman da na unguwarsu. A ce matashi ya kashe naira miliyan 40 wajen sayen fili da gina sassa huɗu, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki. A ce ya samu masu biyan naira dubu 600 a shekara a kowane sashe. Abin da zai shigo masa shi ne miliyan 2 da dubu 400, wato kashi 6 cikin ɗari na jarinsa.

Wannan kuwa kafin a cire komai ne. Rufi zai yi yoyo, famfon burtsatse zai ƙone, sokawe zai cika, fenti zai dushe. Wani sashen zai yi wata uku a rufe tsakanin fitar wani da shigowar wani. Akwai harajin fili, akwai ɗan abin da za a bai wa mai kula da gidan. Idan waɗannan suka ci naira dubu 500, abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma sai gidan ya shekara ashirin da ɗaya yana aiki kafin ya mayar da kuɗin da aka zuba masa.

Yanzu a ɗora wannan a kan halin da ƙasar ta shiga. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, kafin ta sauya ma'aunin lissafinta a farkon 2025. A wannan lokaci Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, takardun bashin gwamnati na shekara ɗaya kuma sun riƙa bayar da sama da kashi 20. Ma'ana, wanda ya ba gwamnati rancen kuɗinsa ya zauna a gida ya samu ninki huɗu na abin da mai gidan hayar misalinmu ya samu, ba tare da ya kira mai gyaran famfo ko sau ɗaya ba.

Wanda kuma ya yi tunanin cin bashin banki ya gina gidan haya, lissafinsa ya fi muni. Rancen miliyan 40 a kan kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari yana cin miliyan 12 a shekara, ninki biyar na duk hayar da gidan zai tara. Wannan ne ya sa kusan duk gidan hayar da ka gani a unguwanninmu da kuɗin aljihu aka gina shi, bulo ɗari yau, bandir ɗin kwano badi, har a shekara biyar ana abu ɗaya. A tsawon waɗannan shekaru jarin yana kwance ba ya kawo ko sisi, farashin kayan gini kuma ba ya jira. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin siminti zama, aka tsayar da cewa a sayar tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8. Shekara guda kafin nan, kusan rabin wannan farashi ake sayensa.

To me ya sa har yanzu masu kuɗi ke rububin gidaje? Saboda ainihin ribar ba a cikin kuɗin haya take ba, tana cikin tashin darajar filin. Fulotin da aka saya a bayan gari, idan titi ya ratsa kusa da shi, aka kawo wuta, aka buɗe kasuwa ko makaranta, kuɗinsa na iya ninkawa sau da dama cikin 'yan shekaru. Hayar ita ce ke riƙe gidan ya ci gaba da tsayuwa kafin wannan rana ta zo. Wanda ya fahimci haka zai gane cewa tambayar da ta fi "nawa ake biya a unguwar nan" nauyi ita ce: shin filin nan zai kasance nawa har zuwa ranar da darajarsa za ta tashi?

Filin da ka saya, a hannun wa yake?

A ranar 29 ga Maris ɗin 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Ga Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawan mulki ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke. Abin da ya ƙara wa dokar 1978 ƙarfi shi ne an cusa ta cikin Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 315 na kundin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin kansa.

A ƙarƙashin wannan doka, abin da mutum ke mallaka a birni shi ne izinin zama da amfani da fili, yawanci na shekara 99, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O ke tabbatarwa. Sashe na 22 ya ce ba za a sayar da wannan izini ko a jinginar da shi ba sai da amincewar gwamna, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin saboda buƙatar jama'a ko saboda karya sharuɗɗan takardar. Idan aka soke don buƙatar jama'a, diyyar da doka ta tanada ta ginin da shukar da ke kan filin ce, ba ta darajar ƙasar ba. Wato abin nan da mai jari ke jira ya tashi, shi ne abin da doka ba ta yi alƙawarin biyansa ba.

Waɗannan sassa ba a cikin littafi suka tsaya ba. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayun 2023, motocin rusau suka fita a Kano. Aka rushe gine-gine a Filin Sukuwa, da tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da ke jikin filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta yanka filayen jama'a ta rabar ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da wata gwamnatin jihar ta ba su. A watan Satumbar wannan shekara Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin Kano ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko mutum yana ganin rusau ɗin gyara ne ko ramuwar gayya ce ta siyasa, darasin ga mai jari ɗaya ne: filin da asalinsa makaranta ne, ko maƙabarta, ko badala, ko filin wasa, takardar da gwamnan yau ya sa wa hannu ba ta ɗaure gwamnan gobe a aikace.

A Abuja, inda ministan babban birnin ke riƙe da irin wannan iko, abin ya zo ta wata fuskar. A watan Maris ɗin 2025 Minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya harajin fili ba. A ƙarshen Mayu aka fara garƙame gine-gine, ciki har da hedikwatar jam'iyyar PDP da wani ofishin hukumar tara haraji ta tarayya, sai da Shugaba Bola Tinubu ya sa baki aka ƙara wa'adin mako biyu. Idan babbar jam'iyyar adawa da hukumar gwamnati ba su tsira ba, mai sassa huɗu a Kubwa ko Lugbe ya san matsayinsa. Harajin fili na shekara-shekara ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da darajar gida, amma sakaci da shi ya isa hujjar ƙwace gidan.

Duk wannan maganar masu takarda ake yi, kuma su ne 'yan tsiraru. Ma'aikatar Gidaje ta tarayya ta sha faɗa cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na filayen ƙasar nan ba su da rajista. Matashin da zai fara harkar yawanci ba shi da kuɗin awon gwamnati, don haka awon igiya yake saye: gona ce aka yanka, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu suka sa hannu. Irin wannan fili ya fi araha, kuma miliyoyin mutane a kansa suke zaune lafiya. Sai dai a nan ne ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, a nan ne magada ke tasowa bayan shekaru su ce ɗan'uwansu ya sayar ba da yawunsu ba, a nan ne kuma ake wayar gari a ga gidan yana kan hanyar ruwa ko inda taswirar gari ta ce titi zai bi. Banki ba ya karɓar irin wannan takarda a matsayin jingina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma takardar da ba ta da rajista bango ce mai tsaga tun ranar da aka rubuta ta.

Hukumomin rajistar filaye na zamani suna nan: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Binciken fayil a waɗannan ofisoshi kafin a biya kuɗi, da neman izinin gini daga hukumar tsara birni kafin a haƙa harsashi, suna cin lokaci da kuɗi da haƙuri. Amma duk abin da suka ci bai kai kuɗin katanga ɗaya da za a rushe ba.

Wanda zai biya hayar

A ce takarda ta yi kyau, gini ya tsaya. Saura mutumin da zai shiga. A nan ne ake yawan kuskuren ɗaukar cewa tunda jama'a na ƙaruwa kuma gidaje sun yi ƙaranci, duk kuɗin da aka sa za a samu mai biya. Buƙatar muhalli daban, ƙarfin biya daban.

A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, wato dubu 840 a shekara. Hayar sashe ɗaya a misalinmu ta cinye fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan kuɗi. Albashin dubu 30 da aka amince da shi a 2019 ya haura dala 80 a farashin wancan lokaci, dubu 70 na 2024 kuwa bai kai dala 50 ba. A tsakanin nan an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a watan Mayun 2023 zuwa sama da dubu ɗaya a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 an ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin A. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan kasuwa mai ƙaramin shago, mai tuƙa adaidaita sahu, waɗannan su ne 'yan hayar ƙaramin mai gida, kuma abinci da sufuri sun riga shi isa aljihunsu.

Wannan ne ke bayyana rikicin da ake gani a ko'ina. Mai gida yana kallon kuɗin siminti da kwano, yana ganin in bai ƙara haya ba gidan zai lalace a hannunsa. Ɗan haya yana kallon albashinsa, yana ganin ƙarin zalunci ne. Kowannensu yana da hujja, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya karya darajar naira. Haka nan dagewar masu gida a kan kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule tana da tushe a lissafi: a shekarar da farashi ya hau da kashi 34.8, naira dubu 600 da aka karɓa a ƙarshen shekara ba ta sayen abin da ya wuce na dubu 445 a farkonta. Mai gida yana gudun wannan asara ne ta hanyar tura ta kan wanda ake biyansa albashi wata-wata.

An yi yunƙurin shiga tsakani da doka. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya, amma duk wanda ya nemi gida a Legas ya san yadda ake yi da ita. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai sa a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, ya tsallake karatu na biyu, bai zama doka ba. Matuƙar gidaje masu sauƙin kuɗi sun yi ƙaranci, mai nema ba zai kai ƙarar mai gidan da yake roƙo ya ba shi makulli ba.

Inda doka ke da haƙora shi ne wajen tashin ɗan haya, kuma nan ne sababbin masu gida suka fi faɗawa rami. A dokar da ke aiki a Abuja, wadda dokokin jihohi da dama suka yi kama da ita, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku yana da na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuma yana da na wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta da ruwa, ko ɗauko 'yan daba a watsar da kaya waje, duk suna iya mayar da mai bin bashi ya zama wanda zai biya diyya. Tun a 1986, a shari'ar gwamnan soja na Legas da Cif Odumegwu Ojukwu kan wani gida a Ikoyi, Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da hurumin ƙwatar gida da ƙarfi alhali magana tana gaban alƙali.

Ma'anar wannan ga mai farawa ita ce, ɗan haya ɗaya da ya daina biya zai iya cinye ribar shekara guda ko fiye kafin shari'a ta ƙare. Maganin yana farkon hulɗa: a san mutum da sana'arsa kafin a ba shi makulli, a rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwa ne, a fayyace wa zai gyara me, yaushe ake sabunta haya, da wata nawa za a sanar kafin ƙari. A raba mitar wuta, domin rigimar kuɗin wuta ta raba maƙwabta fiye da yadda ake zato. A kuma bayar da rasit. Ɗan hayan kirki da ke biyan kuɗi madaidaici a kan lokaci shekara biyar ya fi wanda ya amince da kuɗi mai tsada ya biya sau ɗaya ya tsaya.

Sabuwar dokar haraji ta buɗe littafin

Shekara da shekaru kuɗin haya na cikin abubuwan da hukumomin haraji ba sa gani, domin hannu da hannu ake biya ba tare da takarda ba. Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta taɓa wannan ta wata hanya mai wayo. Ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, har zuwa naira dubu 500, daga kuɗin shigar da za a caje shi haraji a kai. Kafin ya samu wannan rangwame sai ya bayyana ainihin abin da ya biya. Duk ma'aikacin da ya cike wannan takarda ya gaya wa hukuma abin da mai gidansa ya karɓa.

Kuɗin haya dama kuɗin shiga ne da doka ta ce a biya wa haraji. A sabon tsarin, naira dubu 800 na farko a shekara ba su da haraji, daga nan kason yana hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 cikin ɗari ga masu samun sama da miliyan 50. Idan kamfani ko ma'aikatar gwamnati ce ta kama gidan, tana cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe ta miƙa wa hukuma. Ribar da mutum ya samu idan ya sayar da kadara, wadda a da ake cajin kashi 10 a kanta, yanzu ta shiga cikin wancan tsari mai hawa-hawa. Mai shiga harkar yau ya sa haraji a lissafinsa tun farko, ya kuma adana rasit ɗin duk gyaran da ya yi. Abin da ya kamata masu bibiyar siyasa su sa wa ido shi ne ko masu gidaje za su juye wannan nauyi a kan 'yan haya, domin a kasuwar da gida ya yi ƙaranci, ƙarin kuɗi kan gangaro ne zuwa kan wanda ba shi da zaɓi.

Ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai fara?

Duk abin da aka faɗa ba ya nufin a guji harkar. Yana nufin a shige ta da ido biyu, kuma a fara daidai ƙarfi. Hanyar da ta fi daɗewa tana aiki a garuruwanmu ita ce mutum ya gina inda zai zauna, ya fitar da shago ɗaya ko biyu a gaba, ko sashe guda a gefe. Ya huta da biyan haya, yana kusa da kadararsa, kuma yana koyon hulɗa da ɗan haya ɗaya kafin ya tara goma. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana da haƙƙin neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, sai dai rancen na gidan zama ne, kuma yana buƙatar fili mai cikakkiyar takarda. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus, amma su ma ribar da suke ɗorawa tana bin yanayin kasuwa, don haka lissafin kashi 5 na haya bai sauya ba.

Wurin da za a gina ya fi kyan ginin tasiri. Ɗakunan ɗalibai kusa da jami'a, ƙananan sassa kusa da asibiti ko kasuwa, sun fi katafaren gida a unguwar da babu mai iya biya saurin samun mai shiga. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kwanciya da damina. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa a Mayun 2025, sun nuna cewa gini ma yana tafiya a dare ɗaya, kuma kaɗan ne cikin masu gidajenmu ke da inshora. Kada kuma a rage rodi da siminti don a gama da wuri. Mai gidan da bene ya rufta da mutane a cikinsa ba asarar kuɗi kaɗai ke jiransa ba.

Da yawa daga cikin matasan da ke zama masu gidan haya ba saye suka yi ba, gado suka ci. Ga waɗannan, aikin farko shi ne a kammala rabo a rubuce, a sauya suna a takarda, a amince da wanda zai riƙa karɓar haya da yadda zai riƙa ba da bayani. Gidajen gado nawa ne suka zama kango a tsakiyar birni saboda kowa na karɓa babu mai gyarawa? Wanda kuma kuɗinsa bai kai na fuloti ba, akwai asusun zuba jari a gidaje da ake sayar da hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ta Najeriya, irin su na UPDC da SFS, inda mutum ke samun rabo daga hayar manyan gine-gine ba tare da ya mallaki bulo ɗaya ba. Su ma farashinsu na hawa yana sauka.

Abin da ya rage ga masu ƙuri'a

A watan Disambar 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 a Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta danganta da tsohon gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele. Wannan shari'a ta nuna wani ɓangare na kasuwar da ƙaramin mai jari ke gogayya da shi: kuɗin da ba riba suke nema ba, maɓoya suke nema. Mai irin wannan kuɗi ba ya damuwa ko gida ya shekara biyar a rufe, kuma farashin da yake biya shi ke ɗaga kuɗin fili ga kowa. Shi ya sa ake ganin manyan gidaje babu kowa a tsakiyar Abuja, alhali ma'aikatan da ke yi wa birnin hidima suna kwana a Mararaba da Suleja.

An saba nuna rikicin haya a matsayin faɗa tsakanin mai gida marar tausayi da ɗan haya mai taurin bashi. Akwai irin waɗannan mutane, amma mafi yawan masu sassa biyu ko huɗu 'yan fansho ne, da zawarawa, da 'yan kasuwar da suka tara a hankali, kuma matsalarsu da ta 'yan hayarsu daga rijiya ɗaya ake ɗebo su. Tun 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, har yau dokar 1978 tana nan yadda take. Gwamnoni ba su da dalilin sakin ikon da ke ba su damar saka wa magoya baya da hukunta abokan hamayya, sai in masu zaɓe sun sa shi cikin abin da suke tambaya.

Tambayoyin kuwa a fili suke. Kwana nawa ake ɗauka kafin talaka ya samu takardar mallaka a jiharmu, kuma nawa take ci? Yaushe za a buɗe rajistar filaye ta yadda kowa zai iya duba sunan mai fuloti kafin ya biya? Sabbin unguwanni nawa gwamnati ta yanka ta kai musu titi da magudanar ruwa kafin jama'a su riga ta isa? Wata nawa shari'ar haya ke ɗauka a kotunanmu? Ɗan takarar da ya amsa waɗannan da alƙaluma ya yi wa mai gida da ɗan haya aiki a lokaci guda. Kafin a samu irinsa, matashin da ke riƙe da kuɗin fuloti ya fara zuwa ofishin filaye kafin ya je wurin mai bulo, ya kuma tambayi albashin mutanen unguwar kafin ya yanke kuɗin haya.